Makullan Waɗanda Suka Tafi

Inna ta sa kafaɗa ta tura ƙofar gidan benen, ƙofar ta ƙi. Damina ta kumbura katakon. Maimakon haushi, sai ta ji daɗi. Autanta kafinta ne, kuma tun jiya ya ɗaure kayansa: in aiki bai fito ba, yau zai bi sauran da suka tafi.

Makullan rabin gidajen layin suna hannunta. Masu su sun tafi neman kuɗi, sun aiko an gina, an kulle. Ita ke buɗe tagogi, ta kori ƙadangaru, ta tura musu hoto. A rediyo kullum cewa ake gari ya ci gaba, kuɗi na shigowa. Shigowa kam suna yi. Ba dai wanda ya taɓa ganin sun kwana.

Ta kira mai gidan benen a waya.

"Ɗan nan, ƙofarka ta lalace. Ga Auta, yau-yau zai yi maka sabuwa."

"Ayya Inna, na riga na sayi ta ƙarfe a nan, tana hanya. Ai katako tsohon yayi ne."

"Tsohon yayi? A kan gadon katako aka haife ka, ja'iri!"

Ya yi dariya, layin ya yanke.

Ta nufi tasha da sassarfa, makullai na kaɗawa a ƙugunta. Ta tarar da motar kaya ana sauke ƙofofin ƙarfe, Auta na kama wa direba. Ladansa wurin zama a baya in za a koma.

"Ka dakata zuwa jibi," ta ce tana haki. "Tagar gidan tela ma ta tsage."

"Ga ta ƙarfe can a mota, Inna." Ya goge gumi. "Ki bar ni in je. Zan aiko a gina miki bene."

"In zauna da wa? Ƙadangaru?"

Ya ciro makullin shagonsa ya danƙa mata.

"Ki riƙa buɗewa, kada gara ta cinye katakon."

Tana kokawar cusa shi cikin zoben makullanta da ya riga ya cika, direba ya leƙo ta taga.

"Iya, ke ce mai makullai? Ungo na sabuwar ƙofar."

Ya miƙo mata su cikin leda, ya tayar da mota.