Tallan Tsallaken Titi

Makarantar ba ta da littafin Turanci ko ɗaya. Abin da Malam yake da shi taga ce, da ƙaton allon talla a tsallaken titi: wata mata tana murmushi, riƙe da sabulu, ga layukan Turanci a ƙasanta. Da matar nan yake koyarwa tun zuwansa. Yara sun haddace ta kamar sunayensu.

Yau gwajin ɗaukarsa aiki yake ƙarewa. Mai makaranta ta shigo, ta zauna a bencin baya, ta ɗora jaka a cinya. In darasin bai yi mata ba, sai komawa zaman gida, wurin yayansa da ke ciyar da shi yana masa gori.

Malam ya ce, "Kowa ya dubi taga."

Shi ma ya duba. Mutum biyu ne a kan tsani, suna ɗaye tallan. Kan matar ma ya riga ya tafi.

Aku, yarinyar da bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Malam, sun fille wa amaryarka kai!"

Aji ya kwashe da dariya. Ban da mai makaranta.

Malam ya ɗauki alli. Ya juya zai rubuta layukan sabulun, suka gudu daga kansa. Ya goge allon aji, wanda ba komai a kansa. Ya sake gogewa.

Sai ya ji muryoyi a bayansa. Masu tsani sun fara liƙa sabon talla, falle-falle, yara kuma suna bi suna haɗa baƙaƙe. Kalmomin da bai taɓa koya musu ba. Su yi tuntuɓe, su gyara wa juna, su wuce.

Mai makaranta ta ce, "Ke mai surutu, fassara mini."

Aku ta miƙe. "Wai, makarantar ɗanku ba littafi? Ku kawo shi sabuwar makaranta, bayan kasuwa. Akwai mota, akwai fanka."

Wani daga baya ya ce, "Kai, har fanka!"

Malam ya kafa wa takalminsa ido. Shi ke nan, ya koya wa 'ya'yan mutane karanta hanyar fita.

Mai makaranta ta je taga, ta daɗe tana kallo.

"Kai ka ba su wannan tun jiya?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ni ma yanzu nake ganinsa."

Ta rataya jaka. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Gobe ka zo da wuri. Za a sa labule a tagar nan."

Ya ce to. Sai da ƙarar takalminta ta ɓace ya fara tunanin da me zai koyar gobe.