Kafaɗun Hinnerk

Ko wane ne ya zana jirgin nan, siriri ne, kuma bai taɓa tunanin Allah ya halicci irin su Hinnerk ba. Jirgin yaƙi ne na ƙarƙashin ruwa, cikin na farko-farko, mai shan kananzir, cikinsa kamar an kwantar da ganga. Hinnerk kuwa maƙeri ne kafin ya shiga sojan ruwa. Sai ya karkace yake shiga ƙofa saboda faɗin kafaɗa, kuma da kafaɗun nan yake taƙama a duk mashayar garin Kiel na Jamus.

Ran nan da hantsi, ko tashar jiragen ruwa ba su bari ba, ruwa ya shigo ta hanyar iska, gindin jirgin ya zauna cikin laka. Sojojin jirgin suka ruga gaba suka datse ƙofa. Ruwan gishiri ya tarar da batura, wani hayaƙi mai yaji ya fara biyo su ta ƙarƙashi. Sai da yamma masu ceto suka samu suka ɗago hancin jirgin. Ƙofar sama tana nutse. Hanya ɗaya ta rage, bututun da ake harba makami ta cikinsa, faɗinsa da ƙyar ya kai taƙi biyu.

Sajensu ya dubi bututun, ya dubi Hinnerk.

"Kai ne ƙarshe. In ka maƙale ka toshe mu duka."

"Na sani, yallaɓai."

Bututun tudu ne, ga santsi. Na waje su jefo igiya su ja, na ciki ya tura. Hinnerk ya yi ta cusa mutane kamar mai zuba burodi a tanda, har da sajen da tari ya kayar. Tsoro kuwa ya cika masa ciki, don na ƙarshe ba mai tura shi.

Ya rage saura Thies mai gyaran wuta, ƙanin matarsa, tsinke guda, bakinsa ya fi shi nauyi.

"Shiga."

"Ka ga alamar ina sauri? Tuɓe, bijimi."

"Thies, in na maƙale nan za ka mutu."

"In na fita ba kai, yayata ce za ta kashe ni. Gara hayaƙin."

Thies ya shafe shi da giris tun daga wuya har ƙugu. Hinnerk ya ɗaura igiyar a hannun dama, ya miƙa shi gaba, ya shiga.

A tsakiya ya cije. Ƙarfe ta ko'ina, duhu, numfashi ma sai rabi. Yana jin Thies a tafin ƙafarsa, yana turi, yana tari, yana zagin duk dankalin da Hinnerk ya taɓa ci. Can zagin ya tsaya. Sai turin ma ya tsaya.

"Ku ja," in ji Hinnerk.

"Hannunka zai fita fa," wani ya amsa daga sama.

"Ba naka ba ne. Ku ja."

Suka haɗu suka ja. Ya ji kafaɗar ta ba da ƙara ta goce, ya sulɓe. Da suka fito da shi sai ga Thies biye, a sume amma da rai, ya ɗaure hannunsa da bel a idon sawun Hinnerk.

Hannun bai ƙara ɗaga guduma ba. Thies har yau bijimi yake ce masa, amma tun daga ranar kai tsaye Hinnerk yake shiga ƙofa.