Rawanin Ɗan Dakar

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, filin da yau ake kira Arlit ba shi da gari, ba shi da ko rumfar mai shayi. Duwatsu ne da ƙaya da rijiya guda mai zurfi, wadda raƙuman dangin Amumun suke sha tun zamanin kakanni. A bakin wannan rijiya Amumun yake, da igiyar guga a hannu, ranar da kamyo, wato babbar motar kaya, ya sauke masa ɗansa Aghali, wanda ya dawo daga karatu a Dakar.

Abin da ya fara gani ba akwatin ƙarfe ba ne, ba kuma takalman Nasara ba. Baki ya gani. Ga ƙaton saurayi har da gashin baki ya nufo shi fuska a buɗe, yana dariya, haƙora duk a waje. A Abzin kuwa, in namiji ya isa mutum malam yakan naɗa masa rawani, ya ja amawali ya rufe baki da hanci. Daga ranar ko shayi zai sha gaban manya sai ya tura kofin ta ƙarƙashin ƙyalle. Kunya ta rufe Amumun har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya gaisa da ɗansa yana kallon raƙumi.

Shi dai bai roƙi kowa karatun nan ba. Gumiye, wato dogaran kumandan, su suka zo suka ɗebi yara zuwa lakwal, makarantar boko, a Agadas, aka haɗa da nasa. 'Ya'yan mutane duk suka yi dabara: wani ya gudu, wani ya ƙi gane komai har mushe, malamin lakwal, ya gaji ya koro shi. Nasa ne kaɗai Allah ya jarabta da ƙwaƙwalwa. Daga Agadas aka ce Yamai, daga Yamai aka ce sai Dakar, can bakin teku, inda aka ce ruwa ya fi ƙasa yawa kuma ba mai iya shan sa. Farar raƙumarsa ta tafi wajen sayen akwati da tufafi. Bayansa kuma ya tafi wajen jan guga shi kaɗai, shekara da shekaru, yana kallon 'ya'yan wasu suna kama wa iyayensu igiya. Abu ɗaya ya ƙi sayarwa ko a shekarar fari: turkuɗi mai sheƙi da ya saya wajen fataken Kano, yana naɗe cikin jakar fata, yana jiran kan Aghali.

Da aka natsa ya tambayi yaron me ya karanto. Aghali ya ce awon ƙasa. Amumun ya dubi filin da ba ya da farko ba ya da ƙarshe, ya tambaya wa ya ce ya ɓace da za a auna shi. Ko ya iya maganin ƙazuwar raƙumi? Bai iya ba. Ko ya san ranar da ruwa zai sauko? Bai sani ba. Amumun ya fito da turkuɗin ya ajiye gabansa, yaron ya shafa, ya yaba, ya ce a bari sai zafi ya ragu, wai yana hana shi numfashi. Tata, uwar yaron, ba ta taimaka ba ko kaɗan. Cewa ta yi fuskar da ta daɗe ba ta gani ba, a bar ta ta ƙoshi da ita tukuna. Haka Amumun ya yi ta fama, yau lallashi gobe faɗa, yaron yana kama masa igiya da hannuwa masu laushi kamar na mai jego, baki a buɗe.

Ana cikin haka sai Nasaru masu tsintar duwatsu suka iso. Da ma sun daɗe suna yawo a filin da wani ɗan akwati mai kukan gyare, ba wanda ya kula su. Wannan karon tanti suka kafa a bakin rijiya, suka zura mata inji, suka zagaye ta da waya. Wani gumiye ya sanar cewa ba dabbar da za ta ƙara sha a nan. Ga bazara, rijiya ta gaba kuwa ko manyan raƙuma da ƙyar za su kai, balle 'ya'yansu.

Dattawa suka taru wajen Attaher, babbansu, mutumin da Amumun da kansa bai taɓa sassauta amawali a gabansa ba. Kowa ya san tafintan Nasaru: ka ba shi magana raƙumi, ya isar da ita akuya. Amumun ya gyara zama ya ce ai yana da ɗa mai jin Faransanci, har ma kamyo ɗaya suka shigo shi da shugaban Nasarun daga Agadas, mutumin ya yi wa yaron tayin aiki, shi ya ce a'a, gida ya zo.

"Wane ɗa?" in ji Attaher. "Ni yaro na gani a gidanka. Yaro ba ya magana da yawun maza."

Amumun ya koma gida yana huci, ya shirya wa doguwar gardama. Aghali ya saurara, ya ce to, a kira malam. Wannan ya fi komai ƙona wa Amumun rai: uba ya roƙa har bakinsa ya bushe an ƙi, rijiya ko magana ba ta yi ba an amsa mata. Amma da malam ya gama addu'a ya naɗa rawanin, ya ja amawali har ƙarƙashin ido, sai haushin ya bi iska. Amumun ya ga ɗansa ya zama mutum, ya ji daɗin da bai ji ba tun ranar da gumiye suka tafi da shi.

Da hantsi suka isa tantin. Injin yana ruri, shugaban Nasarun yana duƙe kan wata faffaɗar takarda mai zanen ƙasa. Ya ɗago sau ɗaya, ya ga jerin rawuna da idanu, duk ɗaya ne a wurinsa, ya yi musu hannu su jira tafinta. Aghali ya matsa ya yi sallama da Faransanci. Turkuɗi ya cinye rabin maganar, inji ya cinye sauran. Aghali ya ɗaga murya. Nasaran bai ko waiwaya ba, ya ce wa gumiye wani abu, gumiye ya taso da bulala yana kora su baya.

Hannun Aghali ya tashi zuwa amawali, ya tsaya a hanya. Ya dubi Attaher, sannan ya dubi ubansa. Amumun kuwa bayan waya yake kallo, inda raƙuma suka durƙusa a rana suna miƙa wuya wajen ƙamshin ruwa.

"Sauke shi," in ji Amumun.

"Abba, gaban Attaher?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sauke, ya ga bakin da na sayar da raƙumata a kansa."

Aghali ya ja ƙyallen ƙasa, leɓunansa duk shuni. Nasaran ya ɗago, ya zaro ido, ya gane saurayin da suka shigo kamyo tare, ya fashe da dariya, ya miƙo hannu. Nan da nan aka kashe inji, aka kawo kujera. Dattawa duk suka juya kai gefe kamar an tuɓe wani a kasuwa. Amumun ne kaɗai bai juya ba. Ya tsaya yana kallon bakin ɗansa yana aiki, bai gane ko kalma guda ba, yatsan yaron yana bin zanen takardar yana nuna wani tsohon kwari inda Nasaru za su iya haƙa tasu rijiyar.

Maganar ta daɗe. Da Aghali ya taso ya ce an yarda: za a cire waya, safiya ta dabbobi, yamma ta inji, har su haƙa tasu. Amma da sharaɗi. Aikin da ya ƙi a kamyo, yanzu sai ya karɓa. Zai bi su awon ƙasa can arewa, wajen iyakar Aljeriya, sai ranar da suka gama, ba wanda ya san ranar.

Attaher bai ce an gode ba, bai kuma ce an yi abin kunya ba. Washegari dai raƙumansa ne suka fara sha.

Ranar tafiya Aghali ya fito da rawanin da ya naɗa da kansa, a karkace kamar gammon mai tallan nono. Amumun ya yi tsaki, ya saki igiya, ya warware shi ya sake naɗawa, yana mita cewa an kai mutum har bakin teku bai koyo ɗaurin kansa ba. Da ya zo kan amawali sai ya bar shi sako-sako.

"In ka isa gabansu ka sauke," ya ce. "In ka hango gida ka ja."

Kamyo ya tashi. Tata ta shige tanti tana kuka. Amumun ya koma bakin rijiya ya ɗauki igiyarsa, shunin da ke hannunsa ya bi ta yana ɓatawa, ya ci gaba da ja shi kaɗai.