Lasifika Biyu da Muryar Inna

"Kashe shi," in ji Baba. "Wannan ba ita ba ce."

Auta ta tsaya da wayarta a hannu, waƙar na ci gaba da fita. Muryar Inna ce, babu ko tantama. Ita da kanta ta kwafe ta daga tsohon kaset zuwa kwamfuta, tun kafin rikodar Baba ta tauna zaren ta tsinka shi gutsi-gutsi.

"Baba, wallahi ita ce. Kaset ɗinka ne fa."

"Na ce ki kashe. Wata ce ta ari muryarta."

Ya juya fuska bango.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Tun suna da ƙuruciya ya ɗauki kaset ɗin, Inna na kan keken ɗinki tana waƙa, don ya riƙa tafiya da ita a hanya. Bayan rasuwarta, kullum da hantsi sai ya zauna a falo da kofin shayi, ya danna rikoda, ya lumshe ido. Ranar da rikoda ta cinye kaset ɗin ya koma ɗaki, falo bai ƙara ganinsa ba. Abinci sai an yi da gaske. Magana ta koma "to" da "a'a". Likita ya duba shi sama da ƙasa ya ce babu ciwo. Auta kuwa, da take ma'aikaciyar jinya, ta sha ganin tsofaffin da babu ciwo a jikinsu suna tafiya a hankali, kuma ta san yadda abin ke farawa.

Washegari tana tashi daga aiki ta wuce layin masu kayan sauti, shagon wani da ake kira Kunne. An ce laƙabin ya samo asali ne daga yadda yake gane lalatacciyar lasifika tun daga bakin titi.

"Malama, ga wadda ake yayi," ya ce, ya ɗora mata wata 'yar dunƙulalliya mai walƙiya kala-kala. "Magana ake yi mata. Ki ce ta saka waƙa, ta saka."

"Babana ko da mu ba ya magana, balle da gwangwani."

Kunne ya yi dariya, ya mayar da ita. Ta kwashe labarin ta faɗa masa, har da manhajar da ta fara gwadawa, wadda waƙar Inna na ƙarewa sai ta antayo tallan sabulu.

"Subhanallahi! A kan mamaciya?" Ya ja mata kujera. "Zauna. Manhajojin nan iri-iri ne. Akwai masu jawo waƙa daga intanet, su zaɓa miki abin da suka ga dama. Wasu kuma matse waƙar suke yi don ta yi sauƙin tafiya, su zubar da abin da suke ganin kunne ba zai nema ba. Ke ba su kike so ba. Kina son wadda za ta ɗauko abin da ke cikin gidanku, ta miƙa shi yadda yake, in ya ƙare ta yi shiru."

"Akwai mai yin shiru?"

"Akwai. Ita ce ma ta fi wuyar samu."

Ya fito da wani ɗan akwati baƙi, bai fi tafin hannu ba. A cikinsa waƙar za ta zauna, ya ce, ko intanet ya ɗauke tana nan. Waya umarni kawai za ta bayar, in an so ma ga rimot mai manyan maɓallai. Daga akwatin sai amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, daga nan sai lasifika biyu na katako, kowace ta kai tsayin gwiwa.

"Me ya sa biyu? Inna ɗaya ce."

"Kawo waƙar ki ji."

Auta ta rungume jakarta. "Ba zan saka Inna a kasuwa ba."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai. Ya ja kujerarta zuwa tsakiya, daidai tsakanin lasifikan, ya ce ta rufe ido. Ya saka wata waƙa tasa, mace da ganga.

Shagon ya ɓace. Matar ba daga dama take ba, ba daga hagu ba. Tana tsaye a gabanta, a wurin da Auta ta san babu komai sai kwalaye, har ana jin lokacin da take jan numfashi. Tsikar jikin Auta ta tashi. Ba ta san ta miƙa hannu ba sai da ta taɓa kwali.

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

"Idan biyun suka yi numfashi tare, mutum ne ke tsayawa a tsakaninsu," in ji Kunne. Ya naɗo mata kebul mai igiya biyu a manne, ɗaya da jan zane a jikinsa. "Ki kula da wannan. Mai zane ya shiga jan gurbi, a amfilifaya da kuma a lasifika. Duka biyun. Kin ji?"

"Na ji."

Ta ji, kuma ta faɗa wa Yaya. Yaya kafinta ne, babban ɗan gidan, mutumin da ba ya iya wuce karkataccen ƙusa bai gyara shi ba.

"Ke Auta, ni da na ja wutar shagona da hannuna za ki koya wa kebul? Je ki ba marasa lafiya magani."

Ranar hutunta ta dawo daga cefane ta tarar da falo ya canza. Yaya ya ƙera wa kowace lasifika mazauni, ya goge har suna sheƙi. Akwatin da amfilifaya na kan wani siririn kanta a ƙarƙashin taga. Kebul kuwa ko alamarsa babu.

"Ina kebul ɗin?"

"Nemo shi." Yana murmushi har kunne. "Inna ba ta son tarkace a falonta. Na bi da shi ta gindin bango, na shafe shi da fenti kalar katako, daga kai har wutsiya. Ko ƙuda bai isa ya gane ba."

Ta zuba waƙar a akwatin, ta saita manhajar, ta cire duk wani abu da zai iya biyo bayan Inna. Fito da Baba ne ya zama aiki. Sai da Yaya ya durƙusa a bakin gado ya ce ba zai tashi ba, ko da kwastomominsa za su kai shi ƙara, sannan tsohon ya laluba sandarsa. Suka zaunar da shi a kujerarsa, a tsakiya. Rigar ta yi masa yawa.

Auta ta danna.

Waƙar ta fito tas, babu shuuu ɗin kaset. Amma gaban Auta ya faɗi. Babu wanda ya tsaya a tsakiya. Muryar ta watse, siririya, kamar tana bin bango, kamar tana bayan kunne, ka juya ka neme ta ka rasa.

Baba ya saurara har rabi. Sannan ya dafa sanda.

"Kun yi ƙoƙari," ya ce. "Allah ya yi muku albarka."

Da ma a ce faɗa ya yi. Ya miƙe ya nufi ɗaki da ƙyar, Auta kuwa ta san in ƙofar nan ta rufu, babu durƙuson da zai sake buɗe ta. Ta danna kiran Kunne, ta saka yadda kowa zai ji.

"A ina muryar take tsaye?" ya tambaya.

"Ba ta tsaye ko'ina!"

"Jan zanen fa? Kin bi shi?"

Ta dubi Yaya. Yaya ya dubi silin.

"An yi masa fenti," ta ce.

"An yi masa me?"

"Fenti. Kalar katako."

Sai dariya ta ɓarke a wayar. "Wane gwanin ne wannan? To, kashe amfilifaya, ki zare kebul ɗin daga bayanta yadda suke, kada ki rikita su. Cire murfin gaban lasifikan. Akwai ƙaramin batir a kusa?"

Yaya ya riga ya ɓalle bayan rimot.

"Wanda ya fito daga jan gurbi, ɗora shi a kan batir, ɗayan a gindi. Taɓawa ɗaya kawai. Ki kalli faifan lasifikar."

Yaya ya taɓa na dama. Faifan ya yi tsalle waje, ɓup. Ya taɓa na hagu. Faifan ya shige ciki.

"Ɗaya ya fito, ɗaya ya shiga," in ji Auta.

"Shi ke nan. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, suna cinye juna. Duk wani sauti mai kauri ya mutu a tsakaninsu. Juya na hagun."

"Kai, kafinta."

Duka suka waiwaya. Baba ne, yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, hannu a kan mariƙi. Bai shiga ba. Batir ɗin yake kallo.

"Kan batir ka juya? Ko yaron mota na ranar farko ba ya wannan."

"Baba, fentin ne ya..."

"Fentin ne ya shafa kansa?"

Rabon da ya yi magana mai tsawon wannan tun ranar kaset. Yaya ya sunkuyar da kai yana juya kebul, amma Auta ta ga kafaɗunsa na rawa da dariya. Ta ruga ta kama hannun Baba.

"Sau ɗaya, Baba. In ba ita ba ce, da kaina zan mayar da kayan."

Ya bari ta zaunar da shi, Yaya ya mayar da kebul ya kunna amfilifaya. Ta danna.

Ƙarar keke ce ta fara zuwa, ƙafa na taka feda, daga can gefen taga inda keken yake a da. Sai almakashi ya sauka a kan tebur, ƙwal. Sannan Inna ta buɗe baki.

Tana tsakiyar falon. Ba a bango ba, ba a cikin katako ba, a nan, a kan darduma, tsayinta daidai na mace a zaune. Ana jin murmushi a muryarta. Ana jin inda ta ciji zare ta ci gaba. Yaya ya ja da baya har ya bugi kantan da ke ƙarƙashin taga, bakinsa a buɗe, sukudireba a hannu. Auta ta toshe bakinta da tafi biyu.

Sai wani abu ya taso daga ƙasa. Murya ce ta namiji, mai kauri, babu kalma a cikinta, gunji kawai, tana tafe a ƙarƙashin ta Inna kamar hanya a ƙarƙashin mota. In Inna ta hau, ta riƙe ta. In ta sauko, ta tare ta. Auta ta ji shi a ƙirjinta kafin kunnenta.

Ta san gunjin nan. Tun tana yarinya take jin sa duk lokacin da aka saka kaset, ta ɗauka Baba ne ke bin waƙar daga kujerarsa. Ta juya ta dube shi.

Bakinsa a rufe yake. Maƙogwaronsa ko motsi ba ya yi. Hawaye ne kawai ke bin gemunsa.

"Wane ne wannan?" in ji Yaya da raɗa.

"Ni ne." Baba bai ɗauke ido daga tsakiyar dardumar ba. "Ina zaune a ƙasa, rikoda a cinyata. Uwarku in babu mai riƙe mata ƙasa, sai waƙa ta gudu da ita. Wayarki ta kore ni, Auta, ta bar ta ita kaɗai. Ita kuwa ba ta taɓa yin waƙar nan ita kaɗai ba."

Can wajen ƙarshe Inna ta kuskure wani wuri, ta fashe da dariya, matashin da ke zaune a ƙasa ya taya ta. Keke ya tsaya. Manhajar ta yi shiru, kamar yadda aka yi alkawari.

Babu wanda ya motsa. Daga wayar da aka manta a kan kujera, muryar Kunne ta fito ƙasa-ƙasa: "Malama? Ta tsaya?"

"Ta tsaya," in ji Auta.

Baba ya share fuska da hannun riga. Ya miƙa hannu, Yaya ya mayar da batir cikin rimot ya ba shi. Ya jujjuya shi, ya kawo shi kusa da ido.

"Wanne ne giyar farko?"

"Babban na tsakiya."

"To. Ɗora mini shayi, ki haɗo da abin taɓawa, cikina kamar an yashe." Ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin, sannan ya ɗaga sanda ya nuna Yaya, wanda ya matso tsakiyar darduma yana leƙen iska. "Kai kuma mai fenti, gusa daga nan. Ka tsaya mata a kan ɗinki."