Togaciya a Kan Sashe Na Sha Ɗaya

Zoben gindin kofin shayi ta fara gani a kan takardar shawararta, daidai inda ta ja layi biyu da jan biro. Kwana shida ta yi tana rubuta shafukan nan.

"Ƙaramar lauya, zauna mana," in ji Darakta. "Kin tsaya mini a ka kamar mai gadi."

Ba ta zauna ba. Ita ce ƙarama a sashen yarjejeniyoyi na ma'aikatar harkokin waje, kuma da la'asar ɗin nan jakada zai tafi da takardar shigar ƙasarsu yarjejeniyar hana azabtar da waɗanda ake tsare da su. An amince da komai, ban da sashe na sha ɗaya, wanda ya ba masu bincike daga waje izinin shiga ɗakunan tsarewa ba sanarwa. A kansa aka rubuto togaciya, shafi guda: za a bi sashen ne kawai in hukumomin tsaro sun ga dama.

"Yallaɓai, wannan togaciyar ba ta halatta ba," ta ce. "Ta rushe dalilin yarjejeniyar gaba ɗaya. Mun ce a shigo, mun kuma datse ƙofa."

"Na karanta. Wa zai hana mu? Sauran ƙasashe suna da wata goma sha biyu su yi ƙorafi. Biyu ko uku za su rubuto wasiƙa mai ladabi, mu jefa a fayil."

"Mutanen da ke cikin ɗakunan fa?"

Ya cire tabarau ya dube ta. "Yaya jikin yayan naki? Ba a zuwa ofis da zuciya, yarinya."

 Kwana arba'in yayanta ya yi a ɗaya daga cikin ɗakunan nan, har yau ita ke sa masa maɓallin riga da safe, don yatsunsa ba sa lanƙwasuwa.

"Sauka wajen Baba ki duba shafukan kafin a rufe," ya ce. "Wannan kam kin iya."

Baba mai hatimi ya shekara talatin yana ɗinke takardun ma'aikatar. Ta same shi ya huda shafukan, ya zura koren zare, yana narka jan kaki a ƙaramin cokali. Ta buɗa su ɗaya bayan ɗaya. Sa hannun Minista na nan. Togaciyar ba ta ciki.

Tana can cikin kwandon sharar da ke gefen ƙafar Baba. A makare ta iso masa daga ofishin tsaro, a kan farar takarda mara kauri, shi kuwa Baba duk abin da ba a buga a takarda mai tambari ba, gwaji ne a wurinsa. Lauyar kuma ta san ƙa'ida: togaciyar da ba ta tafi tare da takardar shiga ba, ta rasa jirgi. Ƙasa ta ɗauki sashen ke nan dungurungum.

"'Yata, ya cika?" Baba ya tambaya. "In kakin nan ya sauka, ko Minista bai isa ya ƙara waƙafi ba."

Ta sake duban kwandon. Aikinta ne ta faɗa, kuma in ta yi shiru, kanta abin zai ƙare. Sai ga Darakta a bakin ƙofa yana duba agogo.

"Motar jakada na jira, ku kuna hira?"

"Yallaɓai," ta ce, "ita togaciyar..."

"Ke, wallahi kada in sake jin kalmar nan a bakinki, ko yau ko gobe. Baba shaida ne. Rufe, Baba."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Baba.

Kakin ya ɗiga a kan zaren, hatimi ya danne shi. Darakta ya ɗauki takardar da hannu biyu yana hura mata iska. Ita kuwa ta rataya jakarta, ta raɓa ta gefensa, ta fita.