Babin da Sa'adiyya Ta So Ta Tsallake

Sa'adiyya irin mutanen nan ce da littafi zai hana su cin abinci, su yi ta zaginsa, gobe kuma su koma masa. Littattafan nan masu nauyi take so, waɗanda marubucin zai bari ka shaƙu da mutum sannan ya kashe maka shi, ko a jikinsa. Tana son su, tana jin haushinsu. Duk wanda ta gama sai ta rantse ta daina.

Gangancin da ta yi shi ne fara karanta wa Inna ɗaya daga ciki. Tun da yanar ido ta rufe wa tsohuwar gani, bayan la'asar sukan zauna a gindin mangwaron gidansu na Yelwa, 'yar na karatu, uwar na ɓarar gyaɗa. Labarin wani matuƙin kwalekwale ne, Basiru, kuma Inna ta riƙe shi a rai sosai. Jiya Sa'adiyya ta leƙa gaba, ta ga a babin yau ruwa zai ci Basiru. Haka kuwa kogi ya ci yayanta Almustapha a hanyar kasuwar Wara, ko gawa ba a samu ba.

Yau zama ya gagare ta. Ta duba tukunyar da ba ta ko tafasa ba. Ta kori kajin da ba su yi mata komai ba. Ta ɗauki littafin, ta ajiye, ta sake ɗauka. Tsoro take ji, kada ta fama wa tsohuwa ciwon da ya yi shekaru a rufe.

"Ke, mi ya hana ki zama?" Inna ta tambaya. "Mun bar shi tsakiyar ruwa, hadari ya taso."

Sa'adiyya ta zauna, ta karanta har inda igiyar ruwa ta kifar da kwalekwalen. Daga nan ta ɗauke ido daga shafin ta shiga ƙirƙira: wai wasu Sarkawa na kusa da tarunsu, suka tsamo Basiru, ya yi aman ruwa, ya buɗe ido.

Hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Wanga ba maganar littahin ba ce. Taki ce."

"Inna, ƙarshen ba daɗi. Ni ma ban san mi ya kai ni gare shi ba."

"Na sani. Tun da kinka fara zagaye gida na sani. Kowa ya zo mini, haƙuri yake ba ni. Ba wanda ya taɓa faɗa mini yadda abin yake. Koma."

Ta koma. Ta karanta sanyin ruwan, da takalmin da ya sulluɓe, da yadda Basiru ya hango bakin gaɓa bai kai ba. Ta tsani marubucin a kowane layi, amma ta san bai yi ƙarya ba.

Da ta kai ƙarshe Inna ba ta yi kuka ba. Ta juya fuskarta wajen da kogi yake. Ɗan da ruwa ya ci mata ɗan fari ne, don kunya ko yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Almustapha," ta ce a hankali. Ta sake faɗa.