Randar Jatau

Zainudeen ɗan yayana dillalin raguna ne a Bawku, kuma tun da ya fara cika tirela zuwa Kumasi yake ganin babu wani mai rai da Allah ya halitta wanda bai san kiwonsa ba. Ni ce goggonsa, a bayana ya yi fitsari, don haka ina da bakin magana: yaron nan kansa irin na hajarsa ne, in ya sunkuyar da shi sai ya tunkuyi bango.

Abin da ya kawo shi Salaga bara shi ne ya ɗauke uwarsa. Ya gina gida a Bawku, tayil har banɗaki, ya ware mata ɗaki mai na'urar sanyi. Ita kuwa Hajiya Munawara, matar marigayi Malam Issahaku yayana, katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma tun muna da ƙuruciya tare muke shan kokon safe. 'Ya'yana duk sun watse kudu. In ta tafi, ni da wa zan zauna?

Hajiya ba ta iya yi wa ɗan fari musu, ko sunansa ba ta kamawa. Sai ta fake da Jatau.

Jatau kifin ado ne, jan nan mai ruwan zinariya, wanda Malam ya zo da shi daga Kumasi a leda yana ɗan mitsitsi. Ya sa shi a wata tsohuwar randa mai faɗin baki a gindin mangwaro, ya zuba masa tsakuwar da ya kwaso a bakin ruwan Makango. Shekara da shekaru yana ciki har ya kai tafin hannu. Cikin randar ya yi gansakuka kore shar, Hajiya ba ta taɓa kankarewa ba. Iyaka ta ɗebi kwano biyu ta ba tumatirinta, ta mayar da na rijiya. Da Malam ya rasu, kullum bayan asuba za ka gan ta tsugune a bakin randar tana yi wa kifin hirar da a da take yi wa mai shi.

Ta ce wa ɗanta randar ba za ta jure hanyar Bawku ba, Jatau kuma ba zai rayu a wani wuri ba, ita kuwa ba ta barinsa. Zainudeen ya yi dariyar nan tasa ta kasuwar dabbobi. Ya ce zai kawo akwatin gilashi irin na manyan otal, in kifin ya zauna a ciki lafiya, to ita da shi duk sai Bawku. Ta sunkuyar da kai ta ce to.

A Yendi ya yo akwatin, wurin wani Fu'ad mai haɗa tagogin gilashi, har ya ɗauko Fu'ad ɗin a motarsa don ya zo ya kafa. Fu'ad ɗin nan akwai surutu, rabi Hausa rabi Turanci da Dagbanci a tsakiya, amma na tsinci abin da yake nufi. Ya ce sabon akwati kamar sabuwar tukunya ce, sai an hore shi. Kifi a ruwan da yake shaƙa yake bawali da bayan gida, wannan kuwa guba ce gare shi. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su suke cinye gubar, a jikin tsakuwa suke zama da cikin soson injin da ke tace ruwan, kuma kafin su yawaita a sabon wuri sai an yi makonni. Ya ce a kwaso tsakuwar randar da yauƙinta a zuba a akwatin, a bar injin yana aiki, Jatau ya ci gaba da zama a randarsa har ruwan ya nuna. In an sa shi kuma, abinci kaɗan, kuma kada sabulu ya kusanci soson.

Zainudeen ya leƙa randar ya toshe hanci.

"Wato in sayi gilashi sabo fil, sannan in zuba masa dattin randa? Fu'ad, taga ka sani. Dabba kuma bar wa masu ita."

Ya sallame shi a tasha, ya dawo ya naɗe hannun riga. Kasuwar ragunan Layya ta gabato, ba shi da makonnin da zai ba wasu halittun da ko ganinsu ba a yi. Shi abin da ya sani, sabon turke sharewa ake yi tas, a ɗaure dabba, a cika mata gaba da dusa. Ya sa aka kawo ruwan leda jaka-jaka, ya zauna yana farkewa da haƙori yana tsiyayawa, wai ruwan rijiya na talakawa ne. A yinin nan ya kamfato Jatau ya jefa. Ya ƙara wasu ƙananan kifaye biyar da ya sayo ta hannun Fu'ad ya ɓoye a but ɗin motarsa, wai rago ba ya ƙiba shi kaɗai.

Sannan ya juya kan randar. Ya kifar da ruwan, ya watsa tsakuwar Malam a kwata, ya bi cikin da garin sabulu da soson ƙarfe har ta yi ja kamar ranar da aka gasa ta. Wai abin kunya ce a idon baƙi. Hajiya tana zaune a kan tabarma tana jan carbi.

Abinci kuwa, wayyo. Tafi guda safe, rana da yamma. Ya tsaya yana ƙare wa Jatau kallo ta gilashi kamar mai taya rago, yana cewa an bar shi ya rame, ko gadon baya babu. Har dusa na gan shi yana barbaɗawa.

Ba a jima ba ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Ni kuwa daɗi kashe ni. Nakan leƙo ta katanga in ce, Alhaji, yaya garke? Shi kuma da ya ga ruwa ya gurɓace sai ya yi abin da ya iya: ya kwashe kifayen a bokiti, ya wanke akwatin ƙal, ya cuɗe soson injin da sabulu har yana kumfa, ya sake farke ledoji. Duk ɗan abin da ya fara tsirowa a soson ya kashe shi. Ruwa ya yi garau, ya kira ni in gani. Kafin a je ko'ina ya sake yin fari, ya sake wankewa.

Ƙananan suka fara juya ciki sama ɗaya bayan ɗaya. Ya ce dama irin banza Fu'ad ya sayar masa. Jatau ya koma saman ruwa yana haki, jelarsa ta yi jan zane-zane kamar jini ya kwanta, daga baya ya sauka ƙasa ya lafe a kusurwa, ko abincin ba ya kallo. A nan ne Hajiya ta buɗe baki, ba tare da ta dubi ɗanta ba.

"A mai da shi randarsa."

Wace randa? Ga ta can a rana, busasshiya, tana ƙamshin sabulu.

Sai a lokacin girman kai ya sauka, Zainudeen ya kira Fu'ad a waya. Fu'ad ya ce a daina ba da abinci, a riƙa canza rabin ruwan kullum da na rijiyar da kifin ya saba, kuma in da sauran tsohuwar tsakuwar a zuba. Na ga babban dillalin Bawku da farar shadda tsugune a bakin kwata yana tsintar tsakuwa ɗaya-ɗaya, awakin unguwa suna kallonsa. Tsakuwar da ta sha ruwan wanke-wanke da rana, me ya rage a jikinta? Da safe aka iske Jatau a kwance a gefe guda.

Na yi wa kifin baƙin ciki, Allah ya sani, amma a raina na ce shi ke nan, an yi walƙiya, yaro ya faɗi, Hajiya tana nan. Na dama koko na musamman, na sayo ƙosai mai zafi, na zagaya gidan.

Na tarar ta binne Jatau a gindin mangwaron, ta kife randar a kai. Tana ɗaki tana ninke zannuwanta a akwati. Na ce mata ina za ta, ai shi ya faɗi, sharaɗin bai cika ba. Ta ci gaba da ninki.

"Latifatu, don Jatau nake fitowa tsakar gida da asuba. Yanzu wa zan ciyar a gidan nan?"

Na ce ni fa? Ta karɓi kokon ta sha rabi, ta miƙo mini sauran kamar yadda muka saba.

Yanzu ina jin labari wai Zainudeen yana faɗa a Bawku cewa lallashi sai wanda ya iya, shi ya shawo kan uwarsa. Akwatin gilashin yana falonsa, an cika shi da furen roba.

Randar ni Hajiya ta bar wa. Na jawo ta inuwar gidana, na aika Makango aka kwaso mini tsakuwa, na cika ta da ruwan rijiya. Ta fara yin kore a gefe-gefe. Kullum da safe a bakinta nake shan kokona, babu kowa a ciki.